Maganin Masu Dubiya

Ƙaramar kula cike da ƙanƙara, kwalaben roba na tara kaki, takunkumi, safar hannu, burodi, sabulu, da kayan sawa kala ɗaya. Abin da Saliha ta ɗauko ke nan daga Kano. Tun kafin bas ta wuce Ƙarfi ƙanƙarar ta fara narkewa, ruwa yana bin gefen kular yana ɗiga mata a ƙafa. Mutumin da ke gefenta, wani mai warin albasa, ya daɗe yana satar kallon kular, can dai ya kasa haƙuri ya tambaya ko zoɓo ne na sayarwa. Ta ce masa a'a, ta kakin marasa lafiya ce. Ya janye gwiwarsa, bai sake magana ba har Kura.

Ta ji daɗin shirun. Tun da ta dawo daga karatu a Malesiya ta gane cewa a nan ba a samun shiru sai an ɓata wa wani rai.

Bayan kayan akwai labari da take ɗauke da shi, kuma a ganinta mai daɗi ne. Mahaifiyarta, Iyatu, ta haura shekara biyu tana tari. A wani ƙaramin asibiti kusa da su aka duba kakinta a madubin likita, aka ga 'yan jajayen sanduna, aka ce tarin fuka ne, aka ɗora ta kan magani na wata shida. Ta shanye, tari yana nan. Aka sa kakin a na'urar da ke gano tarin fuka, na'ura ta ce babu. Ma'aikacin ya ce na'urar ce ba ta da lafiya, wuta ta yi mata wasa, ya sake ɗora tsohuwa kan wani zangon. Sai da Saliha ta dawo ƙasar, ta kama aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a cikin birni, sannan ta zo da kanta ta ɗauki kakin, ta shuka shi a kwalba, ta zauna jira.

Ƙwayar cutar ba ta san gaggawa ba. Sai da aka kwashe makonni kafin ta tsiro, aka ƙara wasu kafin a san ko wace ce. Ba ta tarin fuka ba ce. 'Yar uwarta ce ta nesa, mai kama da ita a madubi kamar an tsaga kara, amma mazauninta ruwa ne da ƙasa, da cikin bututu, da gansakukar da ke bin bango. Sunan da aka ba danginta a littafi ma ganda ce: maikobakteriya waɗanda ba na tarin fuka ba. Masana sun faɗi abin da ba su ba ne, suka kakkaɓe riga suka tashi.

Da aka gwada ta da magunguna, yawancinsu ko a jikinta. Ɗaya ne ya kama ta da kyau, azitiro. Labarin ke nan. Idan aka haɗa shi da wasu biyu masu dafa masa, aka sha fiye da shekara ba fashi, Iyatu tana iya tashi. Idan kuwa aka ba shi shi kaɗai, ƙwayar za ta fi ƙarfinsa, daga nan kuma abin da ya rage allurai ne masu kashe kunne, sai addu'a. Likitan ƙirji ya ce a kawo sabon kaki, a kawo mara lafiyar mako mai zuwa a fara, kafin nan kada ta sha komai.

A Kura ta hau adaidaita-sahu, suka bar kwalta suka bi gefen kanal ta hanyar Bunkure. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Ciyawar kachala ta cinye rabin magudanar, ruwan yana ratsawa da ƙyar. A bakin ƙauyuka mata suna gumi, sun jiƙa shinkafa a rabin duro suna turara ta da wutar ɓuntu, fuskokinsu cikin tururi da hayaƙi. Sana'ar Iyatu ke nan tun Saliha ba ta yi wayo ba. Wataƙila a ruwan jiƙon ta ɗauko cutar, wataƙila a ƙurar sheƙa, wataƙila a turɓayar tsakar gida. Ba wanda zai iya cewa, kuma sanin ba zai ƙara komai ba yanzu.

Takalman da ta tarar a ƙofar ɗakin mahaifiyarta sun isa a buɗe shago. Ta tsaya a tsakar gida har masu dubiyar safe suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowace tana yi mata barka da zuwa tana auna ta daga sama har ƙasa. Sannan ta shiga, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta yi gaisuwa.

Iyatu tana jingine da bango a kan gado. Ta ƙara ramewa, wuyanta ya yi tsawo. Ba ta dubi Saliha ba, ba ta kuma amsa ba. Saliha 'yar fari ce. Tun yaye aka miƙa ta ga Gwaggo Tambaya, yayar marigayi babansu, kuma har yau Iyatu ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta ci ba ta sha a gabanta, ba ta yi mata magana kai tsaye. Gidan asalinsu na shanu ne, sun zauna sun kama noma, shanun sun ƙare, alkunyar ce ba ta ƙare ba. Duk garin ana yabon Iyatu a kan haka. Ana cewa ko a bakin mutuwa ba za ta zubar da kunya ba, kuma Saliha tana ganin an kusa gwada maganar.

"Tambaya," in ji Iyatu, tana kallon gefe, "a ba baƙuwa ruwa."

Gwaggo Tambaya, wadda ta tare a gidan don jinya, ta kawo ruwa tana mita cewa yarinya ta bushe kamar kilishi, ko a can ba a cin abinci ne. Saliha ta karɓa ta ajiye. Idonta yana kan wani babban faranti da ke bisa akwati.

Komai akwai a farantin. Ƙullin sassaƙe, kwalbar zuma, rubutu a gorar roba, ruwan maganin tari kala-kala, kafso ja-da-baƙi a leda ba suna ba ranar lalacewa, da wasu ƙwayoyi tsirara a murfin kwano. A garin nan ba a zuwa dubiya hannu na dukan cinya, kuma tun da kemis ya yawaita magani ya maye gurbin fura. Wadda mijinta ya yi tari ya warke sai ta kawo ragowar nasa. Wadda 'yarta ta haihu a asibiti sai ta kawo abin da aka rage. Ita kuwa Iyatu ba ta mayar da hannun kyauta baya. Duk wanda ya miƙo, za ta karɓa da hannu biyu, ta sha a gabansa, ta sa albarka, don kada ya fita da kunya.

Zuma da rubutu ba su dami Saliha ba, ba sa koya wa ƙwayar cuta komai. Ta sa yatsa tana juya sauran. A ƙarƙashin ledojin ta ga kwalaye farare masu ratsin shuɗi, an jera su da kyau kamar kayan ado. Ta ɗago ɗaya. Azitiro ne, mai ƙwaya uku. Babu komai a ciki. Ta ɗago na biyu, shi ma fanko. Da ta tattara su sai da suka cika mata hannu biyu.

Ta fito da Gwaggo waje ta tambaye ta.

Gwaggo ta washe baki. Ta ce ai wannan na Hashimu ne, autan Iyatu, shi kaɗai ne maganin da ya yi wa Iyatu rana. Tun washegarin da Saliha ta zo ta tafi da kaki a kwalba aka ji ta shiru, yaron ya ce shi ba zai zauna yana kallon uwarsa tana tari ba, ya ɗauko mai tsadar shagonsa. Kwana uku take sha, tari ya kwanta, har ta ci tuwo ta fito tsakar gida. In ya sake tasowa ya sake kawowa. Ta ɗan rage murya ta ƙara da cewa na kwanan nan dai ba ya kwantar da shi kamar na farko, shi ya sa yake ƙara mata, amma ai jiki ne na tsufa.

Saliha ta tsaya da kwalayen a hannu. Sakamakon da ta yi ta murna da shi a mota na ƙwayar cutar watannin baya ne. Tana can tana lallaɓa ta a kwalba, nan ana ba ta darasi kwana uku-uku a ƙirjin tsohuwa.

Ta ce wa Gwaggo ta shiga ta faɗa wa Inna, da waɗannan kalmomin, cewa daga yanzu kada ta sha maganin kowa, musamman na Hashimu, domin ranta yana kan haka. Gwaggo ta shiga. Saliha tana tsaye a bakin labule ta ji saƙonta yana isa.

"Ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce a riƙa lura da abin da ake sha, ban da ruwan sanyi."

Iyatu ta ce amin.

Da Gwaggo ta fito Saliha ta ce ba haka ta ce ba. Gwaggo ta ce ita ba za ta kai wa mara lafiya maganar mutuwa ba, ba kuma za ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ba. In boko bai koya wa mutum iya magana ba, ita ta iya.

Bayan azahar Hashimu ya iso a kan babur. Ƙanenta ne, autan Iyatu, yana da kemis a bakin tashar Kura. Ya koyi sana'ar ne a wajen wani mai shago a Kano, inda ya fi shekara yana share kanta yana ƙulla ƙwayoyi a leda. Yanzu farar riga yake sawa har gwiwa, abin awon ƙirji yana rataye a wuyansa ko masallaci zai je, kuma daga Kura har Kadawa Dakta ake ce masa.

"Yaya Farfesa," ya ce, yana kafe babur. "Yau Turai ta tuna da mu."

Ta ce ya zauna a zaure, tana da magana. Ya zauna, aka kawo masa shinkafa da wake, ya ce ta yi maganarta kunnensa ba ya cin abinci.

Ta ajiye kwalayen a gabansa. Ya dube su ya gyaɗa kai irin na wanda aka nuna wa takardar yabo.

Ta yi ƙoƙarin sauƙaƙawa. Ta ce abin da ke ƙirjin Inna ba tarin fuka ba ne, wata ƙwaya ce da ta saba zama a ruwa da laka, inda kullum ake kai mata hari, don haka da shirinta ta zo. Fatarta mai kauri ce mai maiƙo, kamar an shafe ta da kakin zuma, magani da ƙyar yake ratsawa. Wanda ya ratsa kuma tana da 'yan famfuna a jikinta da suke tofo shi waje. Ba sa zama ɗai-ɗai, taruwa suke yi su lulluɓe kansu da yauƙi irin na bangon kanal, na waje su mutu, na ciki ko labari.

Hashimu ya ce ikon Allah, ya ƙara yaji.

Ta ce ba wannan ne abin tsoron ba. Idan magani ya shigo, wasu daga cikinsu likimo suke yi, su daina ci su daina haihuwa, shi kuwa magani mai motsi yake kashewa. Shi ya sa Inna take jin sauƙi kwana biyu, da maganin ya ƙare masu likimo su farka su ci gaba daga inda aka tsaya. Wannan ma da sauƙi, domin in sun farka har yanzu maganin yana cin su. Amma duk zagayen da aka yi ana ba su lokaci ne. A cikin miliyoyinsu ba a rasa ɗaya da aka haifa da 'yar tawaya daidai inda azitiro yake kamawa, ba shi da wurin riƙe ta. Da akwai wasu magunguna biyu a gefe, su za su kashe ta. Da yake shi kaɗai ne, sai ya share mata 'yan uwanta ya bar mata gonar, ta haifi masu kama da ita. Daga ranar, ko buhu aka ba Inna, alli ta sha.

Ta tuna masa da shekarar da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye masa tumatir a Kadawa, yadda aka yi ta feshi da magani ɗaya har tsutsa ta mai da shi ruwan wanka.

Ya ce ya tuna sarai. Ya ce kuskurensa a lokacin shi ne bai ninka maganin da wuri ba.

Saliha ta dube shi. Ta yi shekaru tana nazarin halittar da ba ta da kai ba ta da ƙwaƙwalwa, amma tana ɗaukar darasi daga abin da ya same ta. Ga mai kai har da hula.

Ya suɗe cokali ya ajiye. Sai ya ɗaga yatsa.

"Tsaya, Yaya. A duk gwajin naku, wane magani kuka ga yana kama ta?"

"Azitiro. Amma ba shi kaɗai ba, kuma ba kwana uku ba."

"Azitiro dai."

"Hashimu, ka ji ƙarshen maganar."

"Na ji. Ku da injinanku da Turancinku kun yi wata da watanni, kuka zo inda na tsaya tun ranar farko, ni da ko madubi ba ni da shi." Ya miƙe yana gyara abin awon ƙirjinsa. "Alhamdu lillahi. Ba na fushi, Yaya. Ilimi kogi ne."

Ta ce in ya sake ba Inna ko ɓarin ƙwaya ne, yana iya zama shi ya rufe mata ƙofa ta ƙarshe. Ya ce rai na Allah ne, kuma shi ne yake jin tarin nan a kunnensa kullum, ba wadda take zuwa da kula kamar mai tallan ƙanƙara ba. Ya hau babur ya ce zai dawo da la'asar, yau ma ranar sha ce.

Ta zauna a zauren ita kaɗai. Ta yi tunanin bin sa shagon, ta ga ba amfani, kemis nawa ne a Kura. Ta yi tunanin samun wani dattijo ya yi masa magana, ta tuna duk dattijan garin a wajensa suke awon jini. Ta koma ciki ta ɓoye 'yan kwalayen da ta samu ba a buɗe ba a jakarta, ko da yake ta san kamar kwashe ruwan kanal ne da ludayi.

Da la'asar ɗakin ya sake cika. Akwai Mairama da Murja, abokan gumin Iyatu na shekara da shekaru, da wasu maƙwabta. Sun zauna a tabarma suna labarin injin casar da ya lalace da amaryar da aka kai Garun Malam, Iyatu tana saurare tana tari a gefen mayafi. Murja ta kwance bakin zani ta fito da wasu ƙwayoyi rawaya, ta ce surukinta ne ya zo da su daga Umara. Saliha ta miƙa hannu ta karɓe kafin su isa gado, ta ce za ta ajiye a faranti. Murja ta bi hannun da kallo, ta taɓe baki.

Sallamar Hashimu ta riga shi shigowa. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki da farar rigarsa, ya ce yana da albishir ga iyayensa mata. Yayarsa da ta yi karatu a ƙasar waje ta auna cutar Inna da manyan na'urori, kuma an tabbatar maganin da yake bayarwa shi ne daidai, babu wani.

Ɗaki ya ɗauki kabbara da sa albarka. Mairama ta ce dama ta faɗa, yaron nan hannunsa na da sa'a, ta ce ya ajiye mata kwali ɗaya, Malam ɗinta ma yana ɗan tari da asuba. Gwaggo Tambaya har da share ƙwalla.

Saliha ta ce ba haka maganar take ba. Ta ce maganin daidai ne, yadda ake ba da shi ne zai kashe shi, kuma in ya mutu babu na biyunsa. Ta ce a bari mako ɗaya kawai, likita zai haɗa shi da 'yan uwansa.

Mairama ta juyo gaba ɗaya. Ta ce ita ba ta gane wannan karatu ba, magani daidai ne amma kada a sha. Ko a can ƙasar masu cin shinkafa da tsinke haka ake yi, a ga ruwa a ce wa mai ƙishi ya jira mako? Mata suka yi dariya. Murja ta ce ai wani ilimin hassada ce da takarda, ƙane ya riga yaya gano abu, shi ke nan.

Hashimu ya matso. Ya fito da sabon kwali daga aljihun farar rigar, ya ɓalle ƙwaya ɗaya a tafin hannunsa, ya ɗebo ruwa a kofi, ya durƙusa a gaban gadon da gwiwa biyu. Ya iya durƙuso. Saliha ba ta taɓa ganin abin da ya iya kamarsa ba.

Ta tashi daga bakin ƙofa inda take zaune tun ɗazu, inda 'yar fari take zama. Ta ratsa ta tsakanin ƙafafun mata ta isa gadon, ta tsaya a inda ba ta taɓa tsayawa ba.

"Inna," ta ce.

Matan suka juyo. Gwaggo ta dafe ƙirji.

"Inna, da ke nake. Kada ki sha. Ni na ga abin da ke ƙirjinki da idona. Wannan ƙwayar ita kaɗai ta rage miki, kuma kowace ɗaya da kika haɗiya a haka tana ƙarar da ita. Ki ba ni mako ɗaya."

Iyatu ba ta ɗago ba, amma ta ji. Saliha ta ga yatsunta sun damƙe bakin zanin gado. Tsohuwar ba wawuya ba ce. Ita ce mai gane shinkafar da ta ji wuta tun daga ƙamshinta, kuma ta fi kowa sanin cewa sauƙin kwanan nan bai kai na da ba. Idonta ya sauka kan tafin hannun ɗanta, ya zagaya kan matan da suka zuba mata ido, ya dawo kan tafin hannun. Hannun yana nan a miƙe.

"Tambaya," in ji Iyatu a hankali, "yaro ya daɗe a durƙushe."

Ta sa yatsu biyu ta ɗauki ƙwayar. Ta karɓi kofin. Ta ja mayafi ta kare fuskarta ta ɓangaren da Saliha take, ta juya ga bango, ta haɗiye. Ta miƙa kofin, ta ce Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa. Mata suka amsa da amin, Mairama ta fi kowa ɗaga murya.

Sai tarin ya taso. Ya daɗe, mai zurfi, irin mai fitowa daga ƙasan haƙarƙari. Aka yi ta jera mata sannu. Hashimu ya ce alamar magani ya fara aiki ke nan, yana tono ciwon.

Saliha ta jira har tarin ya lafa. Ba ta ji haushin mahaifiyarta ba, abin ya wuce nan. Ta dai gane cewa matar nan za ta haɗiye ko mene ne, tana sane, muddin akwai hannu a miƙe da idanu a kanta. Ba za ta taɓa cewa a'a ba. Sai dai hannun ya rasa hanya.

Ta ɗauki farantin gaba ɗaya, ta fita da shi ta dire a tsakar gida, ta dawo ta ɗage labule ta riƙe.

Ta ce wa matan an gode, Allah ya ba da lada, su tashi.

Da farko ba wadda ta motsa, sun ɗauka ba su ji daidai ba. Ta maimaita, ta kira Mairama da sunanta, ta kira Murja. Gwaggo ta ce wannan wace irin fitsara ce, a ina aka taɓa korar mai dubiya, so take a yi da Iyatu a gari? Saliha ta ce Inna ba ta kori kowa ba, kowa shaida ne, ita ta kore su, kuma tana roƙonsu su faɗa a gidan biki da gidan suna cewa 'yar Iyatu ta dawo daga Turai ba tarbiyya. Ta ce in sun manta wani abu ta ƙara musu.

Suka tashi suna jan tsaki, suna neman takalma. Mairama ta ce Allah ya sawwaƙe haihuwar da za ta hana ka jama'a. Murja ta tsaya a wajen farantin ta tsince ƙwayoyinta na Umara, ta ƙulle a bakin zani.

Hashimu yana nan tsaye da kofi a hannu.

"Ɗakin uwata ne," ya ce.

"Tawa ce kafin ta zama taka. Fita."

Ya dubi gadon yana jiran a tsaya masa. Iyatu tana fuskantar bango, mayafi a kanta, ba ta ce ya zauna ba, ba ta ce ya tafi ba. A tsakar gida matan sun ƙi wucewa, suna jiran su ga ko Dakta zai yi kokawa da yayarsa. Ya gyara wuyan riga, ya ce shi ba ya jayayya da mace, ya fita. Gwaggo ta bi shi tana ba shi haƙuri, tana cewa ya bar ta, zafin rana ne.

Saliha ta saki labulen, ta turo ƙofar, ta zura sakata. Ɗakin ya yi duhu, sai hasken 'yar taga. Ba a jin komai sai numfashin tsohuwar, mai ɗan kuka a ƙarshensa.

"Ba wanda zai ƙara shigowa," ta ce wa bayan mahaifiyarta. "Gobe da safe zan ɗauki kaki, in tafi da ke Kano. Ko maganin yana nan ko ya mutu, a hannuna za ki zauna har a gama."